Tulin Da Ba Ya Rabuwa

Ba wa mai sayar da tumatir guda 12, nan take za ta kasa su bibbiyu, uku-uku, hurhuɗu ko shida-shida, tire ya tashi tas. Ƙara mata ɗaya su zama 13, ka ga aiki. Duk yadda ta juya sai ragowa ta fito, wadda ƙarshenta gyara za ta zama. Sai dai ko ta kasa su ɗai-ɗai, ko ta bar su tuli guda. Irin waɗannan lambobi, 2, 3, 5, 7, 11, 13, su ne marasa rabuwa, kuma tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin lissafi Yuklid ya kafa hujjar cewa ba su da iyaka.

Mafi girma da aka sani wani Ba'amurke ne, Luke Durant, ya gano ta a watan Oktoban 2024. Ɗauki tumatir ɗaya ka ninka, ka sake ninkawa, har sau 136,279,841, sannan ka cire ƙwaya ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320 ne. In ana rubuta 3,000 a kowane shafi, sai an cika shafi sama da 13,000. Ita ce ta 52 da aka sani a dangin da ake kira da sunan Mersenne, malamin cocin Faransa na ƙarni na 17. Ba kowane ninki ke dacewa ba: ninki 11, in an cire ɗaya, yana ba da 2,047, wanda ke kasuwa 23-23 har kashi 89.

To, yaya aka san wannan tuli ba ya rabuwa? Mai tumatir gwadawa take yi, kashi bayan kashi. A nan kuwa ko an haɗa duk kwamfutocin duniya, gwajin ba zai ƙare ba. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta masanin lissafi Edouard Lucas, wadda wani masanin, Lehmer, ya gyara daga baya. A gwada ta da 31, wato ninki 5 a cire ɗaya. Fara da 4, ninka shi da kansa, cire 2, ya zama 14. Maimaita, 194, kasa shi 31-31, ragowa 8. Maimaita da 8 ɗin, 62, ba ragowa ko ɗaya. Taki uku kacal, hukunci ya fita: 31 ba ta rabuwa, alhali ba a gwada kasa ta ko sau ɗaya ba. Da irin wannan hanya Lucas ya tabbatar da lamba mai alƙaluma 39 a 1876, da hannu da alƙalami.

Sai dai dabarar na da rowa. In tuli yana rabuwa za ta ce yana rabuwa, amma ba za ta faɗi nawa-nawa ba. Lucas ya nuna cewa lambar ninki 67 tana rabuwa, bai kuwa san kashinta ba. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da shi: a kowane kashi a zuba 193,707,721, za a tashi da kashi 761,838,257,287 cif.