Bawul ya dawo: Abin lura kafin a ƙara shi cikin kayan sauti na gida

Mutane da dama sun ɗauka zamanin bawul ya shuɗe tare da manyan akwatunan rediyo na katako. Sai dai har yau ana ƙera shi a Rasha da China da Sulobakiya, kuma masu sha'awar sauti na kashe maƙudan kuɗi domin dawo da shi falonsu.

Bawul ɗan ƙwan gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa. Baturen Ingila John Ambrose Fleming ne ya ƙirƙiro shi a 1904, sannan Ba'amurke Lee de Forest ya inganta shi a 1906, abin da ya buɗe hanyar ƙara wa sigina ƙarfi. Bayan ɓullar tiransisto a 1947, sannu a hankali kasuwarsa ta ja baya.

A yau akan same shi a ƙaramar amfilifaya mai share fage. Ita ce ke karɓar sigina mai rauni daga faifai ko waya, ta daidaita ƙararsa, ta miƙa wa babbar amfilifaya mai tura sifiku. Yawanci bawul samfurin 12AX7 ko 12AU7 ne ke cikinta.

Abin da mai saye zai samu ba ƙarin amo ba ne, sauyin ɗanɗano ne. Bawul kan ƙara wa kowane sauti wani siririn amo da kaɗawarsa ta ninka ta asali, kunne kuwa yakan ji hakan a matsayin taushi, musamman a muryar mawaƙi da kayan tsirkiya. A ma'aunin injiniyoyi, tiransisto ya fi fito da sauti yadda aka naɗe shi. Ke nan bawul kayan ƙamshi ne, ba ya gyara miyar da ta lalace: idan sifiku ba su da kyau, su ya kamata a fara sauyawa.

Kafin biyan kuɗi, a tabbatar amfilifayar gida tana da mashigar da ke kai sigina kai-tsaye ga sashen ƙarfinta. A duba bayan na'urar kuma, domin kayan Amurka na aiki da bolt 120, alhali wutar Najeriya 230 ce. Jona su ba tiransifoma asara ce nan take.

Wajen kunnawa, mai share fage ake fara kunnawa, a bar ta ta ɗumama, sannan babbar ta biyo baya. Wajen kashewa, babbar ce farko. Idan aka ɗauke wuta, a kashe babbar kafin a dawo da ita, don kada bugun farko ya illata sifiku.

Haɗari mafi girma yana cikin akwatin: wutar da ke ciki kan haura bolt 200, kuma takan saura ko bayan an zare filogi. Buɗe shi aikin ƙwararren mai gyara ne kaɗai.