Barbarar Karya a Karo na Farko



Duk wanda aka ce masa za a yi lacca a kan dabba a garin Wudil, zai zaci maganar shanu za a yi, domin kasuwar kara ta ranar Juma'a ita ce ta fito da sunan garin nan a ƙasa duka. Amma yau kan kare za mu yi magana, watau dabbar da ke bin makiyayi zuwa ruga, ta bi ɗan farauta daji da rani, ta kuma kwana tana gadin lambu a bakin kogi. Musulunci ya yarda a ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da amfanin gona, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarren mai farauta ya kamo. Tun da an yarda a ajiye shi, haƙƙinsa ya hau kan mai shi, kuma babu lokacin da wannan haƙƙi ya fi nauyi kamar sa'ad da za a yi wa karya barbarar farko. Kuskure a wannan lokaci yakan jawo asarar uwa da 'ya'yanta, wani lokaci ma ya shigo da cuta cikin gida.

Yaushe ta isa?

Karya takan fara neman namiji tana da wata 6 zuwa 12, manyan iri kuwa sukan jinkirta. Daga nan abin yakan dawo mata kusan sau biyu a shekara, ko da yake akwai irin da sau ɗaya tak yake yi, kamar Basenji na tsakiyar Afirka. To, sai dai fara neman namiji bai nuna cewa jiki ya gama ginuwa ba. A zuwan farko ƙashinta bai ƙosa ba, ƙugunta bai gama buɗewa ba, kuma abincin da ya kamata ya gina ta shi ne 'ya'yan cikinta za su janye. Saboda haka likitocin dabbobi suke ba da shawara a ƙyale zuwan farko ya wuce, a jira na biyu ko na uku, lokacin da ta kai wata 18 zuwa shekara 2. Ƙyalewar kuwa aiki ce, domin karnukan unguwa suna jin ƙanshinta daga nesa. Lalle ne a tsare ta a ɗaki ko shinge mai ƙarfi har wajen mako 3.

Shiri kafin a haɗa su

Abu na farko shi ne rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu ta hanyar cizon kare suke samunsa. Tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurarsa a kan mutum a Faransa, a nan gida kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana sarrafa allurar karnuka. Duk rigakafin da za a yi, a yi shi kafin barbara, domin akwai alluran da ba a yi wa mai ciki. Har ila yau a ba ta maganin tsutsar ciki, a raba ta da kaska da ƙuma, waɗanda ke shan jinin da za ta bukata.

Abu na biyu shi ne zaɓen namiji. 'Yan farauta sun san abin da suke nema: gudu, da ƙarfin hanci, da rashin tsoro, da jin kiran ubangida. A ƙara da sharaɗi uku. Kada ya fi ta girma ƙwarai, don kada 'ya'ya su gagari haihuwa. Kada ya zama ubanta ko ɗan'uwanta na ciki ɗaya, domin haɗa jini na kusa yakan fito da aibin da ke ɓoye a zuriya. Kuma a duba al'aurarsa da tata da kyau. Akwai wani ƙari mai kama da tsokar nama, mai saurin zubar da jini, da ke tsirowa a al'aurar karnuka, ya kuma yawaita a ƙasashe masu zafi inda karnuka ke yawo sakaka. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha mai suna Novinsky ya nuna tun 1876 cewa ana ɗaukarsa daga kare zuwa kare, barbara kuwa ita ce babbar hanyarsa. Yana warkewa da allurar vincristine da likita ke yi mako-mako, amma wanda ke da shi ba a haɗa shi da kowa sai ya warke sarai.

Gane ranar da ta dace

Neman namiji mataki biyu ne. A na farko, wanda kan ɗauki kamar kwana 9, al'aura takan kumbura, jini ya riƙa ɗiga, maza su taru, amma ita ta ƙi su, har ta kai musu cizo. A na biyu, shi ma kamar kwana 9, jinin yakan tsinke ya koma ruwa-ruwa, kumburin ya yi laushi, in an taɓa bayanta sai ta tsaya cik ta kau da wutsiya gefe. Wannan ita ce alamar yarda. Galibi ranakun da suka fi dacewa suna tsakanin kwana na 10 da na 14 daga ranar da aka fara ganin jini, amma kowace karya da nata lissafi, don haka halinta ya fi ƙidayar kwanaki zama abin dogara.

An fi so a kai karyar wurin namijin, da sanyin safiya ko na yamma, a wurin da babu taron yara. In an sami namijin da ya saba, ya fi, domin sabuwa takan firgita. Bayan sun haɗu sukan manne, su juya wa juna baya na minti 5 zuwa 30. Wannan halitta ce, ba ciwo ba ne: gindin al'aurar namiji ne ke kumbura a ciki, sai ya sace da kansa sa'an nan su rabu. Jifa da duka da watsa ruwa da yara kan yi suna iya yaga jikin duka biyun. Abin da ake bukata shi ne mai ita ya riƙe ta a hankali don kada ta fizge. A maimaita bayan kwana 2, sa'an nan a ci gaba da tsare ta, domin maniyyin kare yakan rayu kwanaki da dama a jikinta, kuma haihuwa ɗaya tana iya ƙunsar 'ya'yan maza daban-daban.

Goyon ciki

Cikin karya kwana 63 ne, ko da yake in daga ranar barbara aka ƙirga yakan kama daga 58 zuwa 68. A rubuta ranar, kada a dogara da tuni. Likita yana iya tabbatar da ciki wajen mako na 4, kuma tabbatarwar tana da amfani, domin akwai cikin ƙarya, inda nono ke kawo ruwa alhali babu komai. A makonni 5 na farko ba a ƙara mata abinci. Daga nan sai a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, a raba shi sau uku ko huɗu a yini, tun da 'ya'ya sun matse tumbi. Ragowar tuwo kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da nama ko kifi ko dafaffen ƙwai, a kuma guji miya mai yawan albasa, domin albasa tana lalata jinin kare. A dakatar da ita daga fita farauta, kuma kada a ba ta wani magani sai da izinin likita. Wanda ke da zaɓi ya yi lissafi don kada haihuwa ta faɗo a tsakiyar zafin bazara ko tsananin hunturu.

Haihuwa

Mako guda kafin lokaci a tanadar mata lungu mai inuwa, busasshe, a shimfiɗa buhu ko tsumma mai tsabta. Idan naƙuda ta kusa, zafin jikinta yakan sauka daga digiri 38 da rabi zuwa wajen 37, ta ƙi abinci, ta riƙa haƙi da tonon ƙasa. Wannan yakan ɗauki sa'a 6 zuwa 12, a haihuwar fari ma ya fi haka. Kowane kwikwiyo yakan fito cikin jakarsa, uwar ta yage ta, ta lashe shi, ta datse cibiya. Sabuwar uwa takan rikice ta tsaya kallo. A nan mai ita zai yage jakar daga fuska, ya goge ɗan da tsumma har ya yi kuka, ya sa shi a nono, domin dakashin yinin farko shi ne garkuwarsa daga cututtuka.

Alamu uku ne ke cewa a nemi likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba: nishi mai ƙarfi na minti 30 ba ɗa, ko wucewar fiye da sa'a 2 tsakanin ɗa da ɗa alhali da saura, ko fitar koren ruwa kafin ɗan farko. Haka kuma in mai shayarwa ta kama makyarkyata da sandarewar ƙafafu, sinadarin kalsiyam ne ya yi ƙasa a jininta, kuma yana kisa cikin sa'o'i.

Bayan haihuwa

'Yan kwikwiyo sukan buɗe ido tsakanin kwana 10 da 14. Ana fara ba su maganin tsutsa suna da mako 2, domin akwai tsutsar da suke ɗauka tun suna ciki, kuma ƙwanta da ke fita a kashinsu yana cutar da yaran da ke wasa da ƙasa. Ana yaye su a mako na 6 zuwa na 8, lokacin da ake fara musu rigakafi, na haukan kare kuwa sai sun kai wata 3.

Daga ƙarshe, ga tambayar da ta kamata ta zo kafin kome: su wa za su karɓi 'ya'yan? Karya takan haifi 4 zuwa 8 a lokaci guda, kuma ɗan da aka yasar a juji shi ne gobe karen da ba shi da ubangida, ba shi da rigakafi, yana yawo a hanyar da yaranmu ke bi zuwa makaranta. Wanda bai sami masu karɓa ba, ya tsare karyarsa, ko ya kai ta likita ya yi mata aikin hana haihuwa. Ku kuma da za ku koma ofisoshi da ƙauyuka, ku isar da wannan: duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a kai shi asibiti a ranar.