Anubiyas: Renon Tsiron Kurmi a Zafin Gure

Duk kantin da ake sayar da kifin ado, daga Jamus har Japan, da wuya ka shiga ba ka ga wani ɗan tsiro mai kaurin ganye, kore shar, an ɗaure shi a jikin dutse ko guntun itace ba. Sunansa Anubiyas, kuma ɗan Afirka ne. Asalinsa ƙoramun kurmi na yammaci da tsakiyar nahiyar, tun daga Saliyo da Gini, ta kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, har Gabon da Kwango. Masanin tsirrai Heinrich Schott ne ya fara bayyana jinsin a 1857. Nau'in da ya fi yaɗuwa, barteri, ya ci sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai a ayarin Dakta Baikie, waɗanda jirginsu Dayspring ya farfashe a duwatsun Jebba a 1857. Barter ya rasu a Rabba ta ƙasar Nufe a 1859. Ƙaramin nau'in da ake kira nana, wanda masu akwatin kifi suka fi so, daga Kamaru aka samo shi.

To, me ya haɗa tsiron kurmi da Gure, garin da ruwan samansa na shekara ba ya nisa da milimita 300, zafin Afrilu da Mayu kuma ya haura digiri 40? A ganina, idan makaranta ko wani magidanci a Gure yana son ajiye akwatin gilashi mai kifi, babu tsiron da ya kamata ya fara da shi irin wannan. Ba ya neman fitila mai ƙarfi, ba ya neman ƙasa ta musamman, in an ɗauke wuta kwana biyu ko a jikinsa. Ko da sautu aka yi daga Legas, in an naɗe shi a jiƙaƙƙiyar takarda cikin leda zai iso da ransa. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma dukkansu daga gidansu ya taho da su.

A kurmi, akasari Anubiyas ba a cikin laka yake tsira ba. A kan duwatsu da saiwoyin bishiyoyi yake manne, a bakin ƙorama, ƙarƙashin inuwar da rana ba ta cika ratsawa ba; da damina ruwa ya shanye shi, da rani ya leƙo waje. Abin da ke riƙe da ransa shi ne wani kwantaccen kara mai kaurin fensir, irin na citta, wanda ganye ke fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasansa. Bambancin kawai, na citta a binne yake so, na Anubiyas kuwa in ka binne shi ka kashe shi. Nan ne akasarin masu farawa suke yin asara. Hannun da ya saba da shuka yakan tona rami ya rufe gindin da yashi, iska ta daina isa ga karan, bayan 'yan makonni ya yi laushi, ya yi baƙi, ganye su fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya suna yawo a saman ruwa. In ka ɗaga karan ka ji wari, ruɓa ta shiga. Sa reza mai tsabta ka yanke duk inda ya yi laushi har ka kai ga wuri mai tauri. Sau da yawa ragowar takan farfaɗo.

Yadda ya dace shi ne a ɗora karan a kan dutse, a ɗaure shi da zare sako-sako, kada zaren ya nutse cikin namansa. Saiwoyin kansu za su iya shiga yashi, ba laifi. Cikin wata ɗaya zuwa biyu za su kama dutsen ƙam, sai a kwance zaren. Dutse kuwa ba a rasa shi a ƙasar Muniyo, inda Gure take. Irin mai taurin nan na tsaunukan da ke kewaye da Gure ya fi, don ba ya narkewa ya sauya ruwa. Wanda ake shakka a kansa, a ɗiga masa ruwan lemon tsami: in ya yi kumfa, akwai farar ƙasa a ciki, a bar shi. Wani amfanin ɗaurin shi ne, karfasa da ke tone yashi ba za ta tumɓuke shi ba, ganyen kuma ya yi mata tauri.

Sai batun haske, kuma a nan ne Gure ta fi ko'ina haɗari. Tsiron nan mai nawa ne. Sabon ganye ɗaya a 'yan makonni, shi ke nan. Ganyen da ya daɗe a wuri ɗaya cikin haske mai yawa, gansakuka ce ke rigansa cin abincin, ta lulluɓe shi da ɗigo-ɗigon kore ko baƙin gashi a gefe-gefe. Mai akwati ya ga tsiro ba ya girma, ya matsa da shi bakin taga ko ya ƙara taki, ya ƙara wa gansakuka ƙarfi. A ajiye akwatin a ɗakin da rana ba ta faɗa masa kai tsaye. Ƙaramar fitila ta awa shida zuwa takwas ta wadatar. Inuwa mafi sauƙi ita ce kainuwa, wadda dangi ɗaya suke da Anubiyas da gwaza. 'Yan ƙwayoyi a saman ruwa sun isa, ana rage su in sun yi yawa. Amma kainuwar tafki sai an yi hattara da ita, domin ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya sukan maƙale a saiwarta. A wanke ta sarai, a ware ta a bokiti na wasu makonni ana dubawa, kada kuma yara su sa hannu a ruwan.

Zafin da ya fi masa daɗi tsakanin digiri 22 ne zuwa 28. Da bazara ruwan ɗaki yakan wuce haka, kuma ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa takan ragu, kifin ma ya galabaita kafin tsiron. A zaɓi ɗakin ƙasa mai kauri maimakon mai rufin kwano, a buɗe murfin akwatin, a sa ƙaramar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Tururin da ke tashi yakan sauke zafin da digiri biyu ko uku.

Wannan dabarar tana da farashi, kuma duk wanda ya ga yadda kanwa ke fitowa a kwaruruka tsakanin dabino da goruba ya san shi. Ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Anubiyas yana jure ruwa mai ɗan nauyi fiye da tsirrai da yawa, amma wanda kullum ciko kawai yake yi, gishirin akwatinsa taruwa yake a hankali har ya fi ƙarfin tsiro da kifi. Saboda haka kowane mako a kwashe kamar rubu'in ruwan a zuba sabo. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe, maganin da aka sa masa ya fita. Ruwan rijiyar da ke da ɗanɗanon kanwa kuwa a sirka shi da na sama, in an tara.

Idan aka kiyaye waɗannan, wata rana za a ga wani ɗan farin fure mai kama da na gwaza ya buɗe a cikin ruwa. Karan kuma in ya yi tsawo, ana iya raba shi da reza, kowane yanki da ganye uku ko huɗu, a ɗaura a sabon dutse. Tsiro ɗaya da aka kawo wa aji ɗaya zai iya kaiwa ga makarantar da ke maƙwabtaka, ba tare da an sake yin sautu ba.