Majinyacin Kwamfuta: Wa Zai Rubuta Masa Ciwonsa?

Duk wanda ya koyar da ɗaliban likitanci ya san wani giɓi da takardar jarrabawa ba ta nunawa. Ɗalibi zai lissafo maka alamomin sanƙarau ba tuntuɓe, amma a tsayar da shi gaban yaro mai zazzaɓi da ya suma, a ce masa me za a fara yi, sai ya rasa ta inda zai kama. Yanke shawara a kan mara lafiya ba ya samuwa sai da maimaici, kuma tun asali a jikin mutane ake wannan maimaicin.

An daɗe ana neman mafita. A 1960 Asmund Laerdal na ƙasar Norway ya fito da mutum-mutumin Resusci Anne don koyon farfaɗo da numfashi. A 1963 Howard Barrows ya fara horar da lafiyayyun mutane a Amurka su kwaikwayi masu ciwo a gaban ɗalibai. Da rahoton Cibiyar Likitanci ta Amurka na 1999 ya ƙiyasta cewa kurakuran asibiti na kashe mutum 44,000 zuwa 98,000 a shekara a ƙasar, sai maganar ta ƙara ƙarfi.

Majinyacin kwamfuta jikan waɗannan ne. Manhaja ce da ke kawo wa ɗalibi mara lafiya: ya yi masa tambayoyi, ya nemi gwaji, ya ba da magani, agogo na tafiya. In ya yi jinkiri jikin ya rikice, in ya kuskure majinyacin ya mutu, sannan a nuna masa matakin da ya ɓata, ya sake daga farko. Ba a yi zaman makoki a gidan kowa ba. A asibitocinmu na koyarwa, inda ɗalibai ke cincirindo a kan gado ɗaya, na baya na leƙe ta kafaɗar na gaba, wannan babbar dama ce, kuma ina goyon bayanta.

Damuwata ita ce wanda ya rubuta ciwon. Yawancin manhajojin an tsara su ne don asibitin Turai da Amurka, inda ɗalibi zai latsa a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, sakamako ya fito nan take, ba wanda ya tambayi kuɗi. Kayan aro ba ya rufe katara. Likitan da za a tura babban asibitin ƙaramar hukuma wata shawara ce ke jiransa. Ga yaro ɗan shekara uku yana jijjiga, gwajin maleriya ya nuna akwai. Shin maganar ta ƙare? Ba ta ƙare ba, domin a yankinmu yaro na iya ɗauke da ƙwayar maleriya alhali sanƙarau ne ke neman ransa. Zai auna sukarin jininsa tukuna? Zai haɗa allurar artesunate da ceftriaxone kafin a ɗebi ruwan ƙashin baya? Idan kuɗin uban na gwaji ɗaya ne rak, wanne zai zaɓa? Haka manomin da gobe-da-nisa ta sara, irin waɗanda ake kaiwa Kaltungo: a zuba jininsa a kwalba mai tsabta, a jira minti 20 a ga ko zai daskare. Ɗalibin da bai taɓa yanke irin wannan shawara ba, da mutum na gaske zai fara.

Shi ya sa nake ganin aikin na manyan likitocinmu ne na Shika da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Su zauna su rubuta majinyatanmu daga abin da suka gani, a sakaya sunaye, a saka tsadar magani da yankewar wuta da dangin da ke neman a sallami mara lafiya a koma gida. A yi manhajar ta yi aiki a waya ko babu intanet. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda ke tantance makarantun, ita ya dace ta duba ingancinsu.

Sai dai kada wata jami'a ta sayi kwamfuta hamsin ta ɗauka ta huta da ɗaukar malamai. Allo ba zai koya wa ɗalibi taɓa cikin yaro ya ji saifa ta kumbura ba, balle yadda ake gaya wa uwa cewa ɗanta ya cika. Waɗannan a bakin gado ake koyonsu, malami na tsaye a gefe.