Dutse Ne Ko Kwalba?

Jama'a, idan mun tashi daga Mawashi muka shiga kasuwar Kankiya, mukan ga 'yan koli sun baza zobba da duwatsun wuya. Waɗansu dutse ne na ainihi, waɗansu kuwa gilashi ne, wato irin abin da a ke yin kwalba da shi. Wannan sana'a ba yau ta fara ba.

Shekara wajen 2,000 da suka wuce, akwai wata babbar daula ta Rumawa. Ba Rumawan Ruma ta wajen Batsari ba, a'a, na birnin Rum ne a ƙasar Italiya. Attajiransu sukan sa zobe mai dutse, an sassaƙa sura a kansa. Shi ne hatiminsu. In sun rubuta takarda, sai su danna zoben a kan kaki, kowa ya san mai ita.

To, talaka ma yana son hatimi, amma dutse da tsada. Sai masu sana'a suka yi dabara. Sukan danna sassaƙaƙƙen dutse a cikin laka, surar ta fito. Sa'an nan su narka gilashi su danna shi a wurin. In ya huce, sai su goge shi, su ɗora a zobe. Mutanen unguwar Masaga a Bida ma gilashi su ke narkawa su yi ƙarau da duwatsun wuya.

An ce araha ba ta ado, amma ga shi ta yi wa talakan Rum. Yin gilashi ba laifi ba ne. Laifi shi ne a sayar da shi da sunan dutse.

Wani malaminsu, Filini, wanda ya mutu a shekarar 79, ya rubuta yadda a ke gane zamba. Mu riƙe abu huɗu:

1. Dutse ya fi gilashi nauyi.
2. In an sa a baki, dutse ya fi sanyi.
3. In an ɗaga gilashi a haske, a kan ga 'yan kumfa a cikinsa.
4. Magagari yana cin gilashi, amma ba ya cin dutse mai tauri.

Saboda haka in za mu sayi kayan lefe, kada mu yi garaje. Mu auna, mu duba, mu tambaya. In mai kaya ya hana a gwada, mu mai da kuɗinmu aljihu.