Eriyar da Ake Liƙawa a Jiki don Auna Miƙewa

Jama'a sun saba da eriyar rediyo, watau sandan ƙarfen nan da ake zarowa don kama tasha. Yanzu masana sun ƙera wata iri mai laushi kamar filasta, wadda ake liƙawa a fata ko a ɗinke ta a jikin riga. Aikinta shi ne ta nuna yadda wurin da aka liƙa ta ya miƙe ko ya tsuke.

Ga yadda abin yake. Kowace eriya tana da zangon da take amsawa, kuma tsawonta ne yake ƙayyade shi. Duk wanda ya taɓa jin kakaki a fadar Sarkin Zazzau na Suleja ya san muryarsa ta fi ta sarewa kauri, domin ya fi ta tsawo. Haka eriya take. In aka ja ta, ko da kaɗan ne, sai zangonta ya sauya. Wata na'ura da ke kusa ita ce take aika mata da saƙon rediyo, ta saurari amsar, ta lissafa yawan miƙewar. Ba a haɗa su da waya, wasu irin ma ba su bukatar batir.

Auna miƙewa tsohon ilmi ne. Tun 1938 Edward Simmons da Arthur Ruge suka ƙago ma'auninsa a Amurka, amma nasu sai an jona masa wayoyi. A 2014 masana a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa suka nuna eriyar da aka yi da siraran zaren azurfa cikin roba, ana ja tana komawa yadda take.

Babban amfaninta yana wajen kiwon lafiya. In aka liƙa ta a ƙirji, tana iya ƙirga numfashin jariri ko na mai ciwon asma. A gwiwa kuwa, tana nuna wa likita iyakar lanƙwasawar ƙafar wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki. Injiniyoyi ma suna gwada irinta a kan gadoji, abin da ya shafi hanyoyi masu ɗaukar tankoki da tireloli kamar ta Abuja zuwa Kaduna.

Sai dai a lura, gumi da zafin rana suna iya karkatar da awon, kuma dole na'urar karantawa ta kasance kusa. Yawancin aikin yana ɗakunan bincike tukuna. Saboda haka duk wanda aka tallata wa irin wannan filasta a kasuwa, ya nemi lambar rajistar Hukumar NAFDAC, ya kuma tuntuɓi likita kafin ya saya.