Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa Joseph Paxton, wanda ya tsara Crystal Palace, katafaren ginin gilashin nan na birnin Landan a 1851, da yake ruwan da ya kwanta shi ne asalin ruɓar katako da yoyon rufi, sai ya yi hikimar fafe kwari uku a jikin kowane indararo, babba a bisa domin ruwan sama, ƙanana biyu a gefe domin raɓar da ke taruwa a cikin gilashi, sa'an nan ya ɗaga tsakiyarsa kaɗan, domin ruwa ya gangara cikin ginshiƙan ƙarfe masu rami? Haƙiƙa, indararon da ba shi da gangare, illarsa ta rinjayi fa'idarsa.